Olsa da borin jini: wai ƙwayar cutar ciki ce ke sa abinci ya ƙi mutum?

Gwaggona da ke zaune a unguwar Zariya nan Maradi ta yi kusan shekara uku ba ta cin ƙuli-ƙuli, ba ta shan kunun gyaɗa, ta bar awara, ta bar ƙwai, ta bar fara, hura ma in da nono ce sai ta kauda kai, abin da ya rage mata tuwo da miyar kuka sai ɗan kunun gero, duk ta rame. In ka tambaye ta sai ta ce abincin ne ya ƙi ta tun da olsa ta kama ta. Kwanan baya ta tahi asibiti anka yi mata analiz na bayan gida anka ce tana da wata ƙwayar cuta a ciki mai suna Helicobacter pylori, sai ɗanta da ke jami'a ya duba waya ya ce ai shi ke nan an gano bakin zaren, wannan ƙwayar ita ke kawo alerji, in anka kashe ta komi zai koma daidai. Da na je gaishe ta ta ce mini "kai ɗan nan tunda kana karance-karance, gaskiya ne abin da ƙanenka ya faɗi ko dai surutun waya ne?" Na ce Gwaggo ki ba ni kwana biyu. To abin da na tarar ya fi ƙarfin i ko a'a, shi ya sa na ce bari in baje shi nan don na san ba ita kaɗai ba ce.

Sai mun fara raba abu biyu da muke haɗawa a kwano guda. Mu nan duk abincin da ya dame ka sai ka ce "bai karɓe ni ba", ko kumburin ciki ne, ko ƙwannafi, ko zawo, ko ƙaiƙayi, suna guda muke ba su. Amma alerji na gaskiya aikin garkuwar jiki ne. Jiki ne ke yin kuskure ya ɗauki wani sinadarin gina jiki da ke cikin abinci, misali na gyaɗa ko ƙwai ko kifi ko riɗi, a matsayin abokin gaba, sai ya ƙera mishi makami na musamman da likitoci ke kira IgE, makamin ya je ya laƙe jikin wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin fata da hanji da hanyar numfashi shina jira. Ranar da ka sake cin abin, ko da ɗan ƙanƙane ne, sai waɗannan ƙwayoyi su fashe su zubo da wani sinadari mai suna histamin, nan da nan cikin mintuna zuwa awa biyu ka ga borin jini ya feso, leɓe ya kumbura, ido ya yi ja, wani ya yi amai, in abin ya yi tsanani maƙogwaro ya shaƙe jini ya faɗi, wanga shi ne mai kisa in ba a yi allurar adirenalin da wuri ba. Shi kuwa wanda ya sha madara cikinshi ya yi ta ƙugi ya cika da iska, yawanci ba ruwan garkuwar jiki, hanjinshi ne ba shi da isasshen sinadarin narka sukarin madara, shi ya sa za ka ga Bafulatani ya shanye ƙwarya guda ta madara lahiya lau kai ka sha kofi guda ka kwana zirga-zirga, kuma shi ya sa nono mai tsami ya fi sauƙi ga mutane da yawa don tsamin ya riga ya cinye wani kashi na sukarin. Haka mai gyambon ciki da ya ci yaji ko abu mai maiƙo ya ji wuta a ƙirji, ciwo ne abincin ya fama, kamar ka zuba barkono kan rauni.

Da na bi jerin abincin Gwaggo ɗaya bayan ɗaya, kusan duka a kashi na biyu sunka faɗa, zafi da kumburi da gyatsa. Guda ɗaya tak ke sa mata ƙuraje da ƙaiƙayi, zan dawo kanshi.

Ita wannan ƙwayar cuta, labarinta ma abin dariya ne. Shekara da shekaru likitocin duniya sun yarda babu abin da ka iya rayuwa cikin tumbin mutum saboda asid ɗin da ke ciki, olsa kuwa ana ɗora ta kan tunani da yunwa da yaji, irin dai yadda har gobe muke faɗi a nan. A 1982 wasu likitoci biyu a garin Perth na Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, sunka yi nasarar renon wata ƙwaya mai lanƙwasa da sunka ciro daga tumbin marasa lahiya, sunka ce ga mai laihi. Ba wanda ya saurare su sosai. A 1984 shi Marshall ya gaji, ya ɗauki ruwan da ya reni ƙwayar a ciki ya kwankwaɗe, cikin kwanaki ya fara amai, anka leƙa cikinshi anka tarar ya kumbura. A 2005 anka ba su kyautar Nobel. Dabarar ƙwayar ita ce tana fitar da wani sinadari da ke samar da amoniya kewaye da ita ya kashe kaifin asid, sannan ta nutsa cikin majinar da ta lulluɓe bangon tumbi ta yi zamanta, in ba a kore ta da magani ba har tsufa tana nan.

Kuma ba baƙuwa ba ce. Wani babban nazari da ya hito a 2017 ya ƙiyasta mutum biliyan 4.4 ke ɗauke da ita a duniya a shekarar 2015, Afirka ce kan gaba da kusan kashi 70 cikin 100, maƙwabciyarmu Najeriya ma adadin da anka ba ta ya haura kashi 87, ƙasar Suwis kuwa bai kai kashi 20 ba. Tun ana yara ake ɗaukarta, cikin gida, ta miyau da ruwan da ba shi da tsabta da hannun da ba a wanke ba bayan an zaga, har tauna wa yaro abinci da iyaye mata ke yi ana zarginshi. Ke nan in ka tsaya bakin babbar kasuwa ka ƙirga mutum goma, mafi yawansu na da ita kuma ba su san suna da ita ba, don cikin masu ɗauke da ita kashi 10 zuwa 20 ne ke kaiwa ga gyambon ciki, kashi 1 zuwa 3 ciwon dajin tumbi. Wanga ƙaramin kashi na ƙarshe ne ya sa hukumar binciken daji ta Ƙungiyar Lahiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin abubuwan da ke haddasa daji tun 1994.

To a nan ne maganar ƙanen nawa ta fara tangaɗi. In da ƙwayar ce ke kawo alerji kai tsaye, da Maradi da Katsina da Damagaram sun fi ko'ina a duniya yawan masu alerjin abinci, da ba mai iya cin kilishi a garin nan tunda da tunkuza ake shafe shi. Amma inda ake kuka da alerjin gyaɗa har ana hana yara zuwa da ita lakwal su ne Amurka da Ingila da Ostireliya, wuraren da ƙwayar ta yi ƙaranci. Mu da gyaɗa ta gina garinmu tun zamanin Turawa, yaro na fara zama ake ɗura mishi kununta.

Duk da haka masu cewa tana da hannu ba daga sama sunka ɗauko ba. Wajen ƙarshen shekarun 1990 likitocin yara a Italiya sun ba da rahoton cewa sun fi samun alamar ƙwayar a jinin yaran da ke da alerjin abinci, kuma masu bincike a Faransa sun nuna cewa in tumbi ya kumbura saboda ita, bangonshi na zama kamar rariyar da ta yage, gutsattsarin abincin da bai gama narkewa ba ya samu hanyar ratsawa ya yi ido huɗu da garkuwar jiki. Hankali zai ɗauki wanga bayani. A tumbi mai lahiya asid da wani sinadari mai suna pepsin ke daddatsa sinadarin gina jiki su maida shi ƙanana ta yadda in ya isa hanji garkuwar jiki ba ta gane kamanninshi balle ta yi faɗa da shi. Ƙwayar in ta daɗe tana cin bangon tumbi, ga wasu mutane tana rage asid ɗin ma gaba ɗaya, ga ƙofa a buɗe ga kaya ba a daddatsa ba. Akwai kuma masu borin jini mai naci, wanda ke tahiya shina dawowa sama da mako shida ba a san dalili ba, da wasunsu ke samun sauƙi bayan an kashe musu ƙwayar, kodayake ba kowa ba kuma likitoci ba su haɗu a kai ba.

Sai ga ɗaya ɓangaren, kuma ni a ganina shi ya fi nauyi a sikeli. Tun 1989 wani likita a Landan, David Strachan, ya lura yaran da sunka tashi cikin gida mai yawan ƴan uwa ba su cika yin alerjin hanci ba kamar ɗan fari ko tilo, ya ce ƙila cuɗanya da ƙwayoyin cuta tun ana ƙanana horo ne ga garkuwar jiki. Daga baya Martin Blaser na jami'ar New York shi da abokiyar aikinshi sunka duba bayanan dubban Amurkawa wajen 2007 da 2008 sunka ga yaran da ke ɗauke da ƙwayar asma ta fi ƙaranci a cikinsu. Nan Afirka ma a Butajira ta ƙasar Habasha an bi yara tun daga haihuwa, anka ga masu ƙwayar sun fi tsira daga ƙyasfin alerji. A Zurik ta Suwis kuwa ƙungiyar Anne Müller ɓeraye sunka sa ma ƙwayar da gangan, a 2011 sunka nuna ta kare su daga asma, a 2017 sunka nuna irin haka kan alerjin abinci, kuma kariyar ta fi ƙarfi in tun ɓeran shina jariri ya ɗauka. Yadda abin ke aiki shi ne ita ƙwayar don ta samu zama lahiya shekara hamsin cikin tumbinka dole ta lallashi garkuwar jiki, sai ta ƙara yawan wasu ƙwayoyin jini masu aikin dattawan unguwa, masu cewa a yi haƙuri a ajiye sanda, to wanga sanyin da ta saka don kanta sai gyaɗa da ƙwai su ma su ci albarkaci.

Kar wani ya karanta nan ya ce to ashe alheri ce a bar ta. Ɓera ba mutum ba ne, kuma a bincike na mutane yaron da ke da ƙwayar shi ne dai yaron ƙauye mai wasa cikin garke, mai tsutsar ciki, mai shan nonon uwa shekara biyu, mai cin komi da wuri, wa zai rantse cikin waɗanga wanne ne ya kare shi? Cin da wuri ɗin ma kaɗai an gwada shi, a 2015 wani gwaji a Landan kan jarirai 640 ya nuna waɗanda anka fara ba gyaɗa tun kafin su cika shekara alerjinta ya ragu da kusan kashi 80 in an kwatanta da waɗanda anka hana. Kakanninmu ba su karanta ba amma kunun gyaɗarsu ya riga Turawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na uku, wanda ba ƙwayar ba ne, mu ne. Diba yadda muke yi da ciwon ciki a garin nan. Ƙwannafi ya taso, a jiƙa kanwa a sha, bai bari ba a tsaida mai tallan magani a tire ko a leƙa shago a ce a ba ni na olsa, a ba ka omefrazol, ka ji daɗi ka maida shi kamar goro, wata shida shekara guda kullum da sahe, ba ordinans ba analiz, kayan ga su nan birjik suna shigowa ta Ɗan Isa. Shi wanga magani aikinshi rufe famfon asid, kuma pepsin ba shi aiki sai da asid. A Biyana ta Ostiriya, Eva Untersmayr da Erika Jensen-Jarolim sun yi shekaru suna nuna cewa in anka danne asid abinci na wucewa bai daddatsu ba, kuma a 2005 sun samu marasa lahiyar da bayan wata uku suna shan irin waɗanga magunguna jininsu ya fara nuna sabon IgE kan abincin da da can ba su da matsala da shi. A 2018 wani nazari kan yara kusan 800,000 na iyalan sojojin Amurka ya nuna jariran da anka ba maganin rage asid cikin wata shida na farko sun ninka sauran sau biyu wajen samun alerjin abinci, waɗanda anka ba antibiyotik su ma alerji iri-iri ya ƙaru gare su. Gaskiya akwai ƴar ƙura a nan, don jaririn da ke da alerjin madara tun farko shi ne mai yawan tumbuɗi da kuka, shi ne kuma za a fi rubuta ma maganin, ke nan wani lokaci cutar ce ta jawo maganin ba maganin ya jawo cutar ba. Amma hujjojin sun taru da yawa har ba a iya kauda kai. Mutum ya gudu daga gara ya faɗa gidan zago, ƙwayar na nan daram don omefrazol shi kaɗai ba shi kashe ta, ga kuma narkewar abinci ta lalace.

Ga amoksisilin da fulajil da muke haɗiya kamar alewa, mura kaɗan kafso biyu, yaro ya yi zawo a ɓare kafso a zuba cikin kunu. Waɗanga ba su tantance na gida da baƙo, suna share ƙwayoyin hanji masu amfani, su ne kuwa masu koya ma garkuwar jiki zaman lahiya da abinci. Sannan sun koya ma ita helikobakta taurin kai, fulajil dai a yawancin Afirka ya kusa daina yi mata komi. In ka haɗa da ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen da ƴan kabu-kabu da manoma ke sha kullum don gajiya, waɗanda su da kansu ke huda tumbi ba sai da wata ƙwaya ba, ka ga inda wata olsar garin nan ta samo asali.

Wajen gwaji ma akwai tarko biyu. Gwajin jini na helikobakta yana nuna ka taɓa haɗuwa da ita ne kawai, ko an kashe ta bara zai iya nuna tana nan, kuma a ƙasar da mafi yawa ke da ita kusan kowa ya yi zai ga i, na bayan gida da na numfashi su ke nuna tana raye yanzu, su ma sai ka bar omefrazol mako biyu da antibiyotik mako huɗu kafin a yi in ba haka ba ta ɓuya. Tarko na biyu gwajin alerji na jini. A Gana an auna ƴan makaranta anka samu da yawa jininsu na nuna IgE na gyaɗa alhali suna cin ta kullum ba abin da ke samunsu, da anka bi diddigi sai anka ga tsutsar tsargiya ce ta sa jikinsu ya ƙera makamin da ke kama da na gyaɗa. Yaron da ke wanka a tabkin Madarunfa ko gulbi in damina ta yi, in anka yi mishi wanga gwaji anka hana shi gyaɗa saboda takarda, an cuce shi a banza. Abin da ya faru a jiki bayan an ci, da minti nawa ya ɗauka, da ko ya maimaita, shi likita ke fara tambaya.

Wanda anka tabbatar shina da ƙwayar kuma tana damunshi, magani sananne ne, mai rage asid guda da antibiyotik biyu ko uku a haɗe, kwana 10 zuwa 14 ba tsallake, wani lokaci da wani magani mai suna bismut, sannan a sake gwaji bayan wata guda a ga ko ta mutu. Wahalar ita ce kwana na huɗu in baki ya yi ɗaci ciki ya lafa sai a ajiye sauran don wata rana. Wanda kuwa ya ga bayan gida baƙi kamar kwalta, ko aman jini, ko rama ba dalili, ko abinci na tsaya mishi a ƙirji, wanga ya wuce zancen kanwa da tire, leƙa ciki da na'ura ya kamace shi.

Gwaggo ta shanye nata kwana goma sha huɗu, da ƙorahi da komi, kullum sai ta kira ni ta ce "ɗan nan maganin naku kamar ƙarfe nike tsotsa". Bayan wata biyu ta fara taɓa awara, shiru, ta ci ƙwai, shiru, ranar sunan jikanyarta na gan ta da kwanon kwaɗon zogale ƙuli ya ji a ciki tana ci tana hira. Ƙanena ya ce kun gani ai na faɗa. Na ce mishi malam ba alerji anka warkar ba, raunin da abincin ke famawa ne ya rufe. Shaida kuwa ita ce fara. Lokacin sanyi da soyayyar fara ta cika gari ta ce tunda komi ya dawo bari ta gwada, ko biyar ba ta ci ba wuyanta da hannuwanta sunka yi ruɗu-ruɗu leɓenta ya tashi, sai da anka kai ta asibiti. Fara na da wani sinadari irin wanda ke cikin jatan lande da ƙananan ƙwarin ƙurar ɗaki, mai alerjin ɗaya kan iya samun na sauran, kuma Gwaggo tun tana budurwa in ta kakkaɓe katifa sai ta yi ta atishawa. Likitan ya ce mata fara kam ta yi bankwana da ita har abada, ta kuma kiyayi miyar da anka sa garin jatan lande in ta je biki Katsina. Ta ce to, ai dama tsadarta ta ishe ta.